Tambaya da Amsa: Shin madatsun lantarki na jawo girgizar ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne, kuma gardama ce ta kaure a majalisarmu. Wani ya dage cewa motsin ƙasar da aka taɓa ji a Kwoi da Abuja nauyin ruwan Shiroro ne ya jawo shi, wai yanzu da aka ƙara Zungeru sai abin da Allah Ya yi. Da gaske dam na iya girgiza ƙasa? Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Abokin gardamarka ya kamo bakin zare, amma ya ja shi inda bai kai ba.

Dam na iya tayar da girgiza, wannan ba tatsuniya ba ce. A Indiya, a watan Disamba na 1967, girgiza mai ƙarfin maki 6.3 ta afka wa yankin madatsar Koyna 'yan shekaru bayan cika tafkin, mutane kusan 180 suka rasu. A nan Afirka ma an ji irin haka a Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, a 1963. Dalili biyu ne. Na ɗaya nauyi: kowace mita kubik ta ruwa tan ɗaya ce, tafkin Kainji kuwa na ɗaukar kimanin biliyan 15. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ruwan yana tsatsafowa cikin tsagar da ke jikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, ya rage musu riƙon juna. Ka duba katangar ƙasa a cikin Birni a watan Agusta: wadda dama ta tsage ita ruwan sama ke kayarwa idan ya jiƙe mata gindi, lafiyayya tana nan tsaye. Inda babu tsagar da ke jiran zamewa, tafki ba ya ƙirƙiro ta.

To, sai mu dawo gida. Motsin Kwoi a Satumbar 2016 aka ji shi, na Mpape da ke Abuja a Satumbar 2018. Shiroro ta fara ba da wuta tun 1990, kuma tsakaninta da Kwoi ya haura kilomita 100. Girgizar da tafki ke jawowa a kusa da tafkin take faruwa, galibi a shekarun farko na cika shi. Don haka ɗora wa Shiroro wannan laifi bai kama hanya ba. A Mpape ma fasa dutse da haƙa rijiyar burtsatse hukumomi suka dakatar na ɗan lokaci, ba dam suka nufa ba.

Ni abin da ya fi damuna game da waɗannan madatsu ba girgiza ba ne, laka ce. Idan an tafka ruwa da dare, ka tsaya da safe a bakin Kubanni ko Galma ka ga launin ruwan, ja wur. Wannan jan ba komai ba ne illa fuskar gonakinmu da ruwa ya kankare. Kubanni na zuba cikin Galma, Galma cikin kogin Kaduna, kogin Kaduna kuwa shi aka tare a Shiroro mai megawat 600, aka sake tare shi a Zungeru mai megawat 700. Da zarar ruwa ya shiga tafki gudunsa ya mutu, sai ya sauke kayan da ya ɗauko. Asara biyu ke nan a tafiya ɗaya. Tafki na cikewa a hankali, ruwan da zai juya injin da rani na raguwa. Manoman fadama na ƙasan dam kuma sun rasa lakar da ambaliya ke shimfiɗa musu duk shekara kyauta, sai dai su nemi takin zamani. Misira ta ga haka bayan kammala madatsar Aswan a 1970: lakar Nilu ta maƙale a tafkin Nasser, teku kuma yana cin gaɓar ƙasar. Ƙaramin misali na nan kusa da mu, dam ɗin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wanda ruwan sha aka gina shi dominsa, amma ciwon ɗaya ne, yashi da laka na cinye masa ciki.

Sai mutane. Da aka gama Kainji a 1968, an tashi mutum kimanin 44,000. Tsohuwar Bussa, inda Baturen nan mai binciken kogin Neja, Mungo Park, ya gamu da ajalinsa a 1806, tana ƙarƙashin ruwa da maƙabartunta da komai. Ruwan da ba ya gudu kuma gidan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ne. Ga sakin ruwa idan dam ya cika maƙil, wanda mutanen gaɓar Binuwai suka ɗanɗana daga madatsar Lagdo ta Kamaru a 2012 da 2022.

Kada ka ce to a koma gas a huta. Yawancin wutar da muke samu dama daga gas take, irin su Egbin ta Legas, kuma hayaƙinta na cikin abin da ke ɗumama duniya. Zuƙe gas daga ƙasa ma na da nasa motsin: a Groningen ta ƙasar Holan gidaje suka riƙa tsagewa har aka rufe filin. Ni dai in aka ba ni zaɓi tsakanin Shiroro da janaretan da ke ƙugi a ƙofar kowane shago a Sabon Gari, Shiroro zan ɗauka, da sharaɗin a daina sare itacen bakin kogi kuma a riƙa sanar da mutane da wuri kafin a saki ruwa.

TAMBAYA: Malam, wai da gaske akwai tashar nukiliya a Samaru? Me ya sa ba ta ba mu wuta? Daga wata ɗaliba a Kongo.

AMSA: Akwai, 'yata, amma ba ta wuta ba ce. Na'urar bincike ce mai suna NIRR-1, ƙirar Sin, tana Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta jami'a, kuma ta fara aiki a 2004. Ƙarfinta kilowat 34 ne kacal na zafi, ba a ma haɗa ta da injin samar da lantarki ba. Da ita ake gwada ƙasa da ma'adinai da abinci don gano sinadaran da ke cikinsu, ana kuma horar da ɗalibai.