Kamfanin inshora ya ce kotu ba ta da hurumi: ƙarata ta mutu ke nan?

Tambaya: Gobara ta cinye ɗakin ajiyar kayana, kamfanin inshora ya ƙi biya, na kai ƙara kotun garinmu. Sai lauyoyinsa suka ce kotun ba ta da hurumi, wai a inda hedikwatarsu take za a yi shari'ar. Na yi asara ke nan?

Amsa: Ba ka yi asara ba tukuna, Malam. Ba a ma taɓa maganar gobarar ba, ana gardama ne kan alƙalin da zai saurare ta.

Abu biyu ake yawan cakuɗawa a nan. Akwai hurumi, wato ikon da doka ta ba kotu na sauraron irin wannan ƙara. In babu shi, ko kai da kamfanin kun amince, hukuncin da aka yanke ba zai tsaya ba. Akwai kuma batun wurin shari'a: kotuna biyu duk suna da iko, wacce ta fi dacewa? Wannan mai sauƙi ne. Galibi mayar da ƙarar zuwa kotun da ta fi dacewa kawai ake yi, kuma kamfanin da bai yi ƙorafin da wuri ba yakan rasa damar.

Ɗauko takardar inshorarka ka duba ƙarshenta, inda rubutun ya ƙanƙance. Can ake cusa sharaɗin da ya ambaci kotun da za a je, ko ya ce sai an bi ta hannun masu sasanci. Ƙarfin sharaɗin ya danganta da ƙasa. A Amurka, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2013, kotunan tarayya kusan kullum suna bin sa. Kuma in kai da kamfanin ba jiharku ɗaya ba, kuma kuɗin da kake nema ya haura dala 75,000, kamfanin na iya ɗauke ƙarar zuwa kotun tarayya cikin kwana 30. Tarayyar Turai ta bi wata hanya: dokarta mai lamba 1215/2012 ta ba wanda ya sayi inshora damar yin ƙara a inda yake zaune, domin shi ne mai rauni.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne wa'adi. In aka shekara ana jayayya sannan aka kori ƙarar, lokacin shigar da sabuwa na iya wucewa. Ka sa lauyanka ya lissafa ranar yanzu, kuma ya roƙi a mayar da ƙarar maimakon a kore ta.