Tambayoyin ɗalibai a darasin Kemistiri: ɓata lokaci ne?

Malam, ka tambaya ko yawan tambayoyin ɗalibai yana cinye lokacin kammala manhajar WAEC. A ganina riba ce, domin tambaya tana nuna inda fahimta ta tsaya. Idan ɗaliba ta tambayi dalilin da kanwa take kumfa in an matsa mata lemon tsami, darasi ya samu ke nan: asid ɗin lemon ne ya haɗu da kabonet ɗin kanwar, sai iskar kabon dayoksaid ta fita. Kada ka gaggauta amsawa, bari su fara hasashe, kuma ka hana yi wa mai tambaya dariya. Idan maganar ta kai ga gwaji da asid mai ƙarfi, a nemi jami'in ɗakin gwaje-gwaje ya kula.