Amsa ga Hajiya kan gwajin tafiyar minti shida

Salamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari muryarki. Kin ce an yi wa ƙanwarki gwajin tafiya saboda gajiyar da ta ƙi sakinta tun bayan korona, ta yi mita 480, aka ce ƙalau take, ta koma gida ta kwana uku ba ta ɗaga kai ba. Ni dai abin da na fahimta kina tambaya shi ne, raki ne ko da gaske ne. Wallahi ba raki ba ne.

Shi gwajin nan, asali don masu ciwon huhu da zuciya aka tsara shi. A samu baranda mai tsawon mita 30, a sa alama nan da can, mutum ya yi ta kai-komo minti shida, ga na'urar nan ta yatsa tana nuna iskar jini da bugun zuciya, a tambaye shi yawan hakin da yake ji daga 0 zuwa 10. Mai lafiya kan yi mita 400 zuwa 700. To kin ga 480 ta faɗa ciki, shi ya sa suka sallame ta. Amma irin wannan gajiyar ba nan take take kama mutum ba, sai bayan awa 12 zuwa 48 ta zo ta danne shi, kai ya yi nauyi, jiki kamar an yi masa duka. Lokacin kuwa an riga an rufe fayil.

Abin da ke ƙona min rai ma, yadda wasu ke yin sa. Akwai wani abokin aikina, ba zan kama suna ba, shi bin marar lafiya yake yana tafi, "Yauwa Mama, ƙara sauri!" Alhali ƙa'idar da likitocin ƙirji na Amurka suka fitar a 2002 cewa ta yi kada ka taka tare da shi, kuma kalmomin da za ka faɗa duk minti ɗaya a rubuce suke. Baiwar Allah ta cije leɓe, ta dafa bango, ta ƙarasa don kunya. Ya rubuta "ta samu sauƙi". Bayan kwana biyu na buga waya, 'yarta ce ta ɗauka, wai uwar ko banɗaki sai an riƙe ta. Na gaya masa, ya ce ai lambobi ba sa ƙarya. Har yau in na tuna... to, bar wannan.

A'a, kada in zalunci gwajin, yana da amfani. In iskar jini ta sauka ana cikin tafiya, ko zuciya ta ɗau gudu, zai nuna. Rana guda ce kawai ba ta isa shaida ba. Ko Ingila ma a 2021 ta janye shawarar nan ta ƙara motsa jiki mataki-mataki ga masu ciwon gajiya mai daɗewa.

Ƙanwar taki ta samu littafi ta riƙa rubuta abin da ta yi yau da yadda ta tashi gobe da jibi, ta kai wa likitan. Ta kuma ce a auna bugun zuciyarta a kwance, sannan a tsaye na minti 10. In ya ƙaru da 30 ko fiye, ga jiri, wannan wata magana ce daban. Ki ɗauko min hoton takardar gwajin, bugun zuciyar nake son gani.