Buhu huɗu a gindin tirela

Ka ce me ya sa nake hana a jibga kaya a ƙarshen tirela, alhali nan ya fi sauƙin lodi. Ajiye wayar nan tukuna, ɗan nan, ba na magana da ƙeyar mutum.

Wuyan tirela, wanda ke zaune kan ƙugiyar Hilux ɗin nan, dole ya danne ta da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta gaba ɗaya. Tirelata kilo 400 ce, in na sa mata buhu 12 na wake masu kilo ɗari-ɗari, an tashi 1,600 ke nan, sai wuya ya ɗauki tsakanin 160 da 240. Shi ya sa kusan kashi 60 na kaya ke zama gaban tayoyi. Duk abin da ka aza bayan taya ɗaga wuyan yake yi, kamar hannun sikeli. Ɗaure igiya da duba iskar taya kuwa, in sai na koya maka, ka koma gona.

Wata shekara bayan kaka na yi wa wani Alhaji lodin wake a kasuwar Cadawa. Buhu 12 muka shirya, da hannuna na tsara su, na ɗaure, na tafi sallar La'asar. Ashe kafin in dawo ya ba ƴan dako na goro sun cusa buhu huɗu a can gindi, sun ja tamfol sun rufe, don kada ya biya kuɗinsu. Laifina ɗaya, na ga gindin mota bai zauna kamar ɗazu ba, na ce idona ne. Da na sa hannu na jijjiga wuyan nan, da na ji shi sakayau.

Mun hau kwalta mun nufo Maradi, ina kan 70, sai wata babbar mota ta wuce mu da iskarta. Tirela ta fara kaɗa gindi, dama, hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya faɗi, har na ji tana jan bayan motar da ita. Abin yi a nan shi ne ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari miƙe, gudu ya mutu da kansa. Na san haka sarai, amma Alhaji na ta salati a kunnena yana dukan kafaɗata, na taka birki. Tirela ta naɗo ta bugi bodi, ta kife a gefen hanya, ƙugiya ta tsage, wake ya watse cikin rairayi, awaki suka samu walima.

Da na ƙirga buhu na ga 16, ka san me ya ce? Wai ni na yi gudu. Jikka 350 gyara ya ci mini, sati uku ba aiki, ko dala bai ba ni ba, har yana neman in biya shi wakensa. Yau ma in mun haɗu a babbar kasuwa shi ke fara miƙo hannu, ba kunya.

Kada kuma ka ji haka ka tura komai gaba, don na san ku ƴan yanzu, a ce ku rage gishiri sai ku dafa lami. Wuya in ya yi nauyi da yawa gindin mota zai durƙusa, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, birkin gaba ya rage kamu, fitila ta koma haska bisa itace. Kuma nauyin wuyan cikin kayan mota ake lissafa shi, in ya ci 200 to buhu biyu sun fita daga abin da za ka sa a bodi.

Jeka wurin masu awon hatsi ka aro sikeli. Ka tokare wuyan da gungume a kan sikelin, tirela tana daidai ba ta karkata ba, ka zo ka faɗa mini lamba. Ka ɗaga tamfol ka ƙirga buhunan da bakinka kafin ka dawo.