Wane tsari ne maganin 4-3-3? Amsoshi ga masu buga Football Manager

Saƙon farko daga wani ɗalibi ne a Samaru. Ya ɗauki ƙaramar ƙungiya a Football Manager, wasan kwamfuta da waya da mutum ke zama kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafa, yana buga 4-4-2, amma duk ranar da ya haɗu da masu 4-3-3 sai su ƙwace masa tsakiya. Ya koma 3-5-2, ya gwada 4-2-3-1, yanzu kowane wasa da tsarinsa, ga shi wasa shida ke nan bai ci ko ɗaya ba. Tambayarsa ita ce: wane tsari ne maganin 4-3-3?

Ƙanena, ka gano ciwon daidai, wajen magani ne ka kauce. Kana da mutum biyu a tsakiya, suna da uku, dole ɗaya ya zauna babu mai tsaronsa, kuma yawanci lamba shida ne, wato ɗan tsakiyan da ke zama gaban 'yan baya. Da wannan Mourinho ya wahalar da ƙungiyoyin Ingila a kakar 2004/05, lokacin da akasarinsu ke buga 4-4-2. Makelele na zaune gaban 'yan baya yana karɓa yana rabawa, Chelsea ta ɗauki kofi, ƙwallo 15 kacal aka zura mata a wasa 38.

Amma kada ka ce 4-4-2 ta mutu. Da ita Leicester ta ɗauki Firimiya a 2016. Okazaki yakan janyo baya ya takura wa mai raba ƙwallonsu, layukan biyu su matse, Kante ya ƙwato, a wurga wa Vardy can gaba. Haka za ka yi. Ka ba ɗaya daga cikin 'yan gabanka aikin dawowa ya liƙe wa lamba shidansu, ka rage faɗin ƙungiya idan ba ku da ƙwallo, ka ɗan ja layin baya ƙasa, da kun ƙwace a kai kora da sauri. Tsarinka na nan yadda yake, aikin mutum ɗaya ne ya canza.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne yawan canjin nan. Wasan yana auna yadda 'yan wasa suka saba da tsari, kuma duk lokacin da ka juya komai sai sabon ya ragu, ka ga ɗan baya ya bar gurbinsa, fasin ya tafi inda babu kowa. Garin neman gira kana rasa ido. Gurbi uku aka ba ka na ajiye tsari: ka sa babban tsarinka a na farko, na biyu shi ɗin ne dai amma da taka-tsantsan don wasan waje da manya, na uku na neman farke ƙwallo a mintunan ƙarshe.

Za ka ce ai Conte ya canza. E, ya canza, amma sau ɗaya. Bayan Arsenal ta ci Chelsea 3-0 a Satumban 2016 ya koma 3-4-3, ya ɗora namu Victor Moses a gefen dama yana hawa yana sauka, suka ci wasa 13 a jere. 'Yan wasan da ke hannunsa ya duba, ya ɗinka musu riga daidai jikinsu, sannan ya daina taɓa ta.

Kwanakin baya na zauna kusa da wani yaro a shagon cajin waya a Tudun Wada, an ci shi ɗaya kafin hutun rabin lokaci, yatsansa na rawa zai rushe komai. Na ce ya dakata mu leƙa ɓangaren abokan karawa. Ɗan bayansu na hagu yana da katin gargaɗi, ƙarfinsa ya sauka fiye da na kowa a filin. Muka mayar da ɗan gefen da ya fi gudu kansa, ba mu taɓa komai ba bayan wannan. Irin karatun da nake so ka riƙa yi ke nan kafin kowane wasa: wa ba shi da gudu, wa ke da ƙafa ɗaya a tura shi kan mara ƙarfin, daga wane gefe aka fi zura musu.

Na biyu wani ɗan kasuwa ne a Sabon Gari. Shi babbar ƙungiya yake riƙe da ita, ƙanana na cika masa gida da mutum goma a tashi canjaras. Kuɗin da ya rage masa na ɗan wasa ɗaya ne, yana tunanin ƙaro lamba tara.

Alhaji, kada ka saya. Gidan da ya riga ya cika, ƙara mutum a cikinsa ƙara cunkoso ne. Ka tuna Barcelona da Inter a 2010: Inter na da mutum goma bayan an kori Motta, Barcelona ta wuni da ƙwallo, ɗaya ta ci, aka fitar da ita 3-2 jimilla. Ka buɗe fili, 'yan gefe su tsaya bakin layi, a rage gaggawar buga ƙwallo daga nesa, a ba bugun kusurwa lokaci a atisaye. Kuɗin kuwa ka sa su a ɗan tsakiya mai ido da fasin. Ana auna 'yan wasa daga 1 zuwa 20 ne, ka nemi wanda hangensa da yanke shawararsa suka kai 15 ko kusa, ko da sunansa bai yi amo ba. Kuma ka bar mutum biyu ko uku a baya koyaushe, domin kora ɗaya masu tsare gida suke jira.

Na ƙarshe daga unguwar Kongo a Zariya: a waya zai buga wasan ko a kwamfuta?

In dabarun nan da muka tattauna ne suka ja ka, kwamfuta ce, don na waya an taƙaita shi, kuma tun fitowar Nuwamban 2023 sai mai biyan Netflix ke samunsa. Kamfanin Sports Interactive mai ƙera wasan ya soke fitowar Football Manager 25 ɗungurungum, saboda haka duk wanda ya ce zai ɗora maka ita, ka riƙe kuɗinka. Kwamfutar hannu ta biyu ta isa matuƙar ba gasanni da yawa za ka loda ba. Ka nemi mai RAM 8GB, ka gwada batirin a gaban mai shago da wayar caji a cire, sannan ka saita wasan ya riƙa adana kansa bayan kowace karawa, saboda ɗaukewar wuta.