An yi feshi kusa da amya, ban ga gawa ba, amma zumata ta watse

Tambaya: Malam, ina da amya takwas a kan gawo a yankin Matamaye. Maƙwabcina ya yi wa wakensa feshi yana cikin fure, bayan mako uku amya biyar suka zama kango. Mai sayar da maganin ya ce na tsutsa ne kawai, kuma ban ga ƙuda ko ɗaya a mace ba. Wasu sun ce baki ne ya kama ni. Me ya faru?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Batun baki a ajiye shi gefe, domin abin da ka kwatanta ya fi kama da guba.

Wannan magana ta "maganin tsutsa ne kawai" na gaji da jin ta a kasuwannin Damagaram, daga bakin masu shimfiɗa kwalabe a rana waɗanda ba su iya karanta abin da ke jikin kwalbar ba. Magungunan feshi irin su lambda-cyhalothrin, cypermethrin, dimethoate da dichlorvos da ake kira piya-piya, duk jijiyar ƙwaro suke kamawa, kuma ƙudan zuma ƙwaro ne kamar tsutsar wake. Rashin ganin gawa ma ba hujja ba ce. Ƙudan zuma kan yi tafiyar kilomita 2 zuwa 3 wajen kiwo, saboda haka wanda ya sha da yawa can cikin gona yake faɗuwa, tururuwa ta kwashe shi kafin ka iso. Wanda ya sha kaɗan kuwa yana iya ɓata hanyar gida, ko ya komo da garin fure mai guba a ciyar da 'ya'ya, sai amya ta riƙa raguwa a hankali har sauran su yi ƙaura. Maganin feshin da ake kira imidacloprid ya fi ɓarna ta wannan fuska, domin yana shiga jikin shuka ya fito cikin ruwan fure; Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili tun 2018. Mu kuwa muna da kwamiti mai tantance magungunan feshi a ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, amma kayan da ba ya cikin jerinsa na shigowa ta kan iyaka ba mai tambaya.

Ka je wurin maƙwabcinka cikin mutunci, in ta kama da maigari, ku yi yarjejeniya ya riƙa sanar da kai kwana ɗaya kafin feshi. Furen wake da safe yake buɗewa, don haka ya yi feshinsa gab da magariba, lokacin da ƙuda ya koma kuma iska ta kwanta, kuma kada ya wanke famfonsa a tafkin da suke sha. Kada ka toshe bakin amya da rana, zafi zai kashe su. Zumar da ta rage a amyan da suka watse kuwa, kada ka sha, kada ka sayar, ka kuma cire tsohuwar saƙar kafin ka sake ɗora su.