Me ya sa mota ke wuni a ƙofar sito kafin a sallame ta?

Tambaya: Ina kula da siton wata ƙungiyar manoman shinkafa a ƙaramar hukumar Auyo ta jihar Jigawa. Idan kaka ta yi, mota kan iso da hantsi amma ba a sallamarta sai bayan la'asar, direbobi kuma suna ta ƙorafi. Na ƙara 'yan dako, abin bai canza ba. Ta yaya zan gano inda matsalar take?

Amsa: Malam, a mafi yawan sito irin naka ba wajen ɗaukar buhu lokaci yake tafiya ba, shi ya sa ƙarin 'yan dako bai yi maka rana ba. Kafin ka sake kashe ko sisi, ka nemi littafi ka riƙa rubuta lokuta huɗu a kan kowace mota: lokacin da ta iso, lokacin da aka kwance tamfol, lokacin da buhun ƙarshe ya sauka daga sikeli, da lokacin da aka gama jera kayan aka shigar da su littafin sito. Bayan mako biyu, tazarar da ta fi tsawo a cikinsu ita ce ciwon.

Ni dai sikeli na fi zargi. Ɗauki tirela mai buhu 300, kowane kilo 100. Idan ana auna buhu ɗaya-ɗaya, kuma kowane yana cin minti ɗaya tsakanin ɗorawa, karantawa da rubutawa, awa biyar ke nan, ko da 'yan dako ashirin ne suke tsaye suna jira. Babban sikelin da ke ɗaukar buhu biyar a tashi ɗaya, ko da kowane awo zai ci minti biyu, zai gama motar cikin awa biyu. Ka kuma raba aikin, mutum ɗaya yana karanta sikeli da babbar murya, wani yana rubutawa, direba kuwa yana gani da idonsa, domin gardamar da ake yi bayan an gama ita ma lokaci ce.

Sai batun danshi, wanda ya kamata a gwada tun kaya suna kan mota. Shinkafar da ba a casa ba bai kamata ta wuce kashi 14 cikin 100 ba idan ajiye ta za a yi. Cizon ƙwaya da haƙori dabara ce ta masu gogewa, amma ba ta raba gardama. Na'urar auna danshi ce take rabawa. A ɗebi samfuri daga buhunan sama, na tsakiya da na gefe, domin ba a rasa mai ɓoye ɗanyar shinkafa a ciki. Kayan da aka sauke sannan aka gano ba su bushe ba, an biya dakonsu sau biyu.

A cikin littafin nan kuma ka buɗe gurbi na bambancin da ke tsakanin nauyin da ke kan takardar kaya da wanda sikelinka ya nuna, tare da sunan wanda ya aiko, domin ka san wanda kayansa ke buƙatar bincike mai zurfi da wanda za a yi wa sauƙi. Ka roƙi direbobi su yi maka waya tun jajibiri, don a share wuri, a shimfiɗa katako nesa da bango kafin mota ta iso.